Rawar Da Aka Ɗaure Mutane Saboda Ita

Jama'a, in ana maganar rawa, yawancinmu abin da ke zuwa mana a rai shi ne biki da suna da kalankuwa, wato abin nishaɗi wanda ba ya cin kowa. To ni kuwa da na bi tarihin raye-rayen gargajiya na al'ummun duniya, sai na tarar akwai wata rawa da gwamnati sukutum ta zauna ta rubuta mata doka, ta ce duk wanda aka kama yana yinta gidan yari zai kwana. Wannan rawa ita ce kapuwera ta ƙasar Barazil, kuma labarinta nake so in ba ka, ya kai mai karatu, domin akwai abin lura a ciki.

Bari in fara kwatanta maka yadda ake yinta. Mutane ne za su yi da'ira, su bar fili a tsakiya. A gefe guda ga makaɗa, babbansu yana riƙe da wani abin kiɗa da suke kira berimbau. Siffarsa kamar baka ce ta maharba, an ɗaure mata waya, an liƙa 'yar ƙwarya a gindi, ana bugun wayar da siririn tsinke. Sai mutum biyu su shiga fili, suna rangaji gaba da baya. Wannan ya kai shuri, wancan ya sunkuya ƙafar ta wuce ta kansa, ya dafa ƙasa da hannu ya juya ya rama. In ka tsaya daga nesa ka ce rawa ce. In ka matso ka ce faɗa ne. Su kuwa masu abin “wasa” suke ce masa. Kamar dai yadda ɗan dambe ba ya jin daɗin shiga fage sai kalangu ya yi magana, haka ɗan kapuwera yake da berimbau: in kiɗa ya yi sanyi a yi wasa a hankali kusa da ƙasa, in ya yi zafi a tashi tsaye da sauri.

To ina asalin wannan abu? Cinikin bayi ne ya haife shi. Turawan Fotugal sun sauke bayi 'yan Afirka fiye da miliyan 4 a Barazil, ba wata ƙasa a nahiyar Amurka da ta karɓi kamar haka. Mafi yawansu daga yankin Kwango da Angola aka ɗebo su. A kudancin Angola kuwa, wajen kogin Kunene, akwai wani wasan samari mai suna engolo, wanda ake yi da shuri da tsayuwa a kan hannu, ana kwaikwayon faɗan jakin dawa. Masana da dama suna ganin daga nan kapuwera ta samo jijiyarta, sannan ta girma a kasuwanni da bakin tashar jiragen ruwa na Riyo da Janero da Salbado da Resife.

Ana yawan cewa wai bayi sun lulluɓe faɗa da rawa ne don kada iyayengijinsu su gane. Labarin yana da daɗi, amma littattafan 'yan sandan Riyo sun nuna hukuma ta gane sarai. Bayan da gidan sarautar Fotugal ya ƙaura zuwa Riyo a 1808, aka kafa 'yan sanda a birnin, ba a daɗe ba suka shiga kama bayi da laifin kapuwera, ana yi musu bulala ɗari, wani lokaci har ɗari uku. Wani mai zane Bajamushe, Rugendas, ya fitar da hoton wasan a 1835, ga mutum biyu suna fafatawa, ga mai ganga a zaune, ya kuma kira shi rawar yaƙi.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 sun sa an kama mutane da yawa, wasu aka bi da su har bakin teku, suka tsinci kansu a jihar Bahiya. A 1807 gwamnan Bahiya ya gano wani shirin tawaye da bayi Hausawa suka ƙulla a Salbado, ya murƙushe shi, ya matsa wa taron kiɗa da rawa na 'yan Afirka lamba. Amma gwamnan da ya hau a 1810, wanda ake kira Kwande dos Arkos, sai ya sake musu mara. Ba don yana ƙaunarsu ba ne. Dabararsa ita ce, in kowace ƙabila tana rawarta daban, Bahaushe zai riƙa tuna shi Bahaushe ne, Bayarabe ya tuna shi Bayarabe ne, tsohuwar gabarsu ta gida ba za ta mutu ba, balle su haɗa kai a kan Bature. Ka ji mugun wayo! Ɗaya ya hana rawa don tsoro, ɗaya ya bari don tsoro. Duk da haka an yi tawaye a 1814, an kuma yi babba a watan Janairu na 1835, cikin azumi, wanda Musulmi suka jagoranta, yawancinsu Yarabawa da Hausawa kaɗan. Kapuwera dai ba Hausawa suka ƙago ta ba, amma a titunan da ta girma an ji Hausa a bakin mutane.

Sai dai kuma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗi ɓangaren da ba shi da daɗi. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, 'yan kapuwerar Riyo sun rabu ƙungiya-ƙungiya, kowace da unguwarta, manyansu biyu su ne Nagowa da Gwayamu. Sun ƙara aska a kan shuri. 'Yan siyasa kuwa suka same su a sama, suna ba su kuɗi su tarwatsa taron abokan hamayya, su tsare akwatin zaɓe. Duk wanda ya san yadda farauta da tauri suka rikiɗe suka zama daba a wasu biranenmu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wasa ba ya lalacewa da kansa, sai yunwa ta haɗu da mai kuɗin da ke neman ƙarti.

Ranar 13 ga Mayu 1888 aka soke bauta a Barazil, ita ce ta ƙarshe a duk nahiyar. An 'yanta mutane, amma ba gona, ba makaranta, ba jari. A 1889 sojoji suka kifar da sarauta aka kafa jamhuriya. Sabon shugaban 'yan sandan Riyo, Samfayo Feras, ya shiga kamen 'yan kapuwera yana tura su wani tsibiri mai nisa a cikin teku, Fanando da Noronya. Har ɗan wani babban attajiri bai tsira ba. Sannan a watan Oktoba na 1890 aka fitar da kundin hukunta laifuffuka, sashe na 402 ya ce wanda ya yi kapuwera a titi ko dandali, ɗaurin wata 2 zuwa 6 ne, shugaban ƙungiya kuwa a ninka masa. A Bahiya sai makaɗa suka ware wani take na musamman, da an hango 'yan sanda a kan dawaki sai mai berimbau ya juya kiɗa, kafin su iso fili ya watse.

Mutum biyu ne suka fitar da ita daga wannan ƙangi. Na farko shi ne Malam Bimba, wanda ya buɗe makaranta a Salbado a 1932, hukuma ta ba shi takardar izini a 1937. Ya shigar da wasan cikin ɗaki, ya tsara darussa bi da bi, ya ce ba ya karɓar zauna-gari-banza, sai mai sana'a ko ɗalibi. Nan da nan 'ya'yan manya masu karatun likita suka fara zuwa. Kundin laifuffuka na 1940 bai sake ambaton kapuwera ba, a 1953 kuma Bimba ya yi wasa a gaban shugaban ƙasa Getuliyo Bargas. Na biyu shi ne Malam Fastinya, wanda ya ga kamar ana neman wanke abin har ya rasa kamanninsa. A 1941 ya karɓi ragamar wata cibiya da ke riƙe da tsohon salo, wanda ake kira kapuwerar Angola. A 1966, yana tsoho, ya zo Dakar ta ƙasar Sanagal wajen bikin fasahar baƙar fata na duniya.

To ka san yadda suka ƙare? Bimba ya bar Bahiya cikin ɓacin rai a 1973, yana ganin ba a san darajarsa ba, ya mutu a garin Goyaniya a 1974 ba shi da komai. Fastinya kuwa, a farkon shekarun 1970 aka ce ya fita daga ginin makarantarsa za a yi gyara. Da aka gama gyara sai aka mai da wurin gidan abinci. Ya mutu a 1981, makaho, cikin talauci, yana da shekara 92. A 2008 Barazil ta sa kapuwera cikin kayan gadonta na ƙasa, a 2014 hukumar UNESCO ta sa da'irar wasan cikin gadon 'yan Adam baki ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da na ɗauka a wannan tarihi shi ne, rawar talaka takan bi matakai uku: a raina ta, a ji tsoronta, daga baya a ɗauke ta a kai gaban baƙi ana taƙama. A duk matakan nan uku, wanda ya riƙe abin a jikinsa ba kasafai ake tambayar me ya ci ba. Rawa kuwa ba a ajiye ta a akwati kamar tsohon takobi. A ƙafar mutum take zaune, ran da ya mutu bai koya wa kowa ba, ta bi shi kabari.

Saboda haka, mai karatu, in akwai wani tsohon makaɗi ko marayi a garinku, ɗan koroso ne ko mai kiɗan tauri ko na maharba, kada ka jira sai an zo daga waje an gaya maka yana da daraja. Je ka gaishe shi tun yana da rai, ka tambaye shi wa ya koya masa, ka rubuta sunan. In da hali kuma, ka riƙa masa ɗan abin cefane.