MAI SUTURA: DAGA GEMUN AUDUGA ZUWA GABAN KYAMARA

Wannan makon na ɗan jingine labarin da muke ciki, ku yi mini afuwa, saboda wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar mai kula da sutura a wasan kwaikwayo da finafinanmu na Hausa. Shi ne mutumin da sunansa ke wucewa a ƙarshen fim lokacin da kowa ya riga ya miƙe yana neman takalminsa.

Ni dai mai suturar da na fara sani a duniya yayata ce, a nan Ƙofar Dundaye. In azumi ya kai goma muka fara tashe, ita ce ke zaunar da ni ta liƙa mini gemun auduga, ta cusa mini tsumma a ciki, ta naɗa mini tsohon zanen innarmu a matsayin rawani. Ko baki ban buɗe ba, duk gidan da muka shiga an san tsoho ne ya zo. To ashe aikin ke nan gaba ɗayansa, tufafi su riga ɗan wasa magana. Kuma ba mu muka fara ba. A wasan gauta matan gidan sarauta kan saka kayan sarki da na fadawa su kwaikwaye su, 'yan bori ma kowane iska da shigarsa, ta Malam Alhaji daban, ta Ɗan Galadima daban. Bahaushe ya san wannan fanni tun kafin Bature ya zo da majigi.

Da aka zo zamanin talabijin sai abin ya ƙara fitowa fili. Wa zai tuna marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ba tare da kakin Samanja ba? Shi dama tsohon soja ne, ya san yadda ake tsuke ɗamara da inda hula ke zama, shi ya sa ko sojojin gaske ba su raina shigar tasa ba. Haka marigayi Rabilu Musa Ibro daga baya, da ya shigo da hularsa a karkace da wata riga da ba ta kai ba, an fara dariya ke nan.

Amma inda aka yi aikin da ya amsa sunansa shi ne fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shaihun. Ka duba nauyin da ke kan mai sutura a irin wannan labari. Ƙarshen ƙarni na 19 ne, akwai fada da fadawa, akwai mahara masu kamun bayi, akwai ayari a cikin sahara, ga kuma Larabawan da yaron ya tashi a hannunsu. Kowane rukuni da irin tufafinsa, kuma ba kanti za ka shiga ka sayo ba. Sai ka san saƙi da tsamiya da barage, ka san aska biyu da aska takwas, ka san wanda ya isa ya yafa alkyabba da wanda iyakarsa warki ko bante. Fim ɗin ya ɓace wa mutane shekaru masu yawa, sai da aka gyara shi a Jamus aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Shi dai Adamu Halilun ne ya yi Kanta of Kebbi a 1978, labarin da ya shafe mu nan kusa, na mutanen sulke da lifidi da kwalkwali.

Sai kuma bidiyo ya zo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan kasuwa ta buɗe. Gaskiya a wannan zamani mai sutura ya kusa ɓacewa, don kuɗin ba su kai a ɗauke shi ba. Ɗan wasa shi zai zo da kayansa a jaka, 'yar wasa ta aro leshin ƙawarta, in an zo fitowar attajiri a roƙi wani alhaji babbar riga tare da falonsa da motarsa. Shi ya sa za ka ga yarinya ta fita daga ɗaki da atamfa shuɗiya ta iso zaure da ja, ko 'yar talakan da aka ce ba su ɗora tukunya ba ta fito da sarƙar da ta fi kuɗin gidansu. Da Sangaya ya fito a 1999 ya yi kasuwar da ya yi, rawa da waƙa irin na Indiya suka zauna daram, a waƙa ɗaya a canza kaya sau biyar. Daga nan sutura ta koma abin rigima. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, aka ƙara tsanantawa a 2007 zamanin Abubakar Rabo, kusan duk magana ta koma kan matsattsun kaya da rufe jiki. Ban ce ba daidai ba ne, ni ma uba ne. Sai dai an yi ta tambayar ko kayan sun rufe jiki, ba a cika tambayar ko sun dace da zamanin labarin ba.

Wannan ta biyun ita ta ƙone ni. Akwai wani littafina da na gina a kan kwanakin da Turawa suka ci Sakkwato, yaƙin Giginya na watan Maris 1903, lokacin Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Wani furodusa, ba sai na kama suna ba, ya saya zai mayar fim. Na yi murna har na kasa barci. Ranar da na je wurin ɗauka sai na tarar da jarumina, wanda na rubuta shi majemi ne mai warin bagaruwa, sanye da shadda mai maiƙo da aikin keke, agogo na ƙyalli a hannunsa. Wani da aka ba fitowar bafade kuwa an naɗa masa rawani mai kunne biyu, wanda a Kano sai jinin sarauta. Na ce ina mai sutura? Aka nuna mini wani yaro da ke riƙe da wayar janareta. Wallahi ban ga laifin yaron ba, jiya aka ce masa shi ne. Alhali gidan tarihi na Waziri Junaidu yana nan cikin gari, ga Gidan Makama a Kano, ga marinar Ƙofar Mata, ga masu bugun rawani a Kura, ba wanda ya taka ya je ya tambaya.

A wasu wurare sana'a ce da mutum ke tsufa a cikinta. Indiyar da muke kwaikwayo, Oscar ɗinta ta farko ta hannun mai sutura ta zo, Bhanu Athaiya, a 1983, saboda fim ɗin Gandhi. Ruth Carter ta Amurka ta ci a 2019 da Black Panther, bayan ta yi nazarin shigar ƙabilun Afirka har da ta Buzaye maƙwabtanmu, ta sake ci a 2023. A nan gida ma fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya ci kyautar sutura ta AMVCA a 2022, duk da ni ina da ja a kan wasu kayan da aka saka wa Zazzagawan.

Wancan fim nawa bai fito ba, kuɗi suka ƙare a tsakiya, kuma ban yi baƙin ciki ba. Bara wani ya sake zuwa neman littafin. Na buɗe adakar kakana na fito da tsohuwar rigarsa ta saƙi da asu ya fara ci, na shimfiɗa masa a tabarma, na ce ya je ya kawo mini wanda zai iya faɗa mini sunan aikin da ke wuyanta, sannan mu yi maganar kuɗi. Har yau ina jiransa.