Ayarin Da Ya Daina Zuwa Kano

Kano ba ta da teku, amma rairayin Sahara ya zame mata ruwa, ayari kuwa ya zame mata jirgi. Fataken Gadamas da na Tarabulus sun daɗe suna sauke kaya a kasuwar Kurmi. Ta hanyar Azbin Bature Barth ya iso a 1851, ya rubuta abin da ya gani.

A shekarun 1970 da 1980 sai ga sabon ayari. Turawa 'yan yawon buɗe ido ne, ƙungiya-ƙungiya cikin manyan motoci, suka biyo ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram. Su kan yada zango a masaukinsu na titin Bompai, kusa da Nassarawa, su hau Dala, su leƙa marinar Ƙofar Mata. Tawayen Azbinawa na 1990 da yaƙin basasar Aljeriya suka toshe hanyar.

Baƙin nan sun koma gida sun rubuta mu. Mu fa? Marina da dukawa da 'yan rakiyar da suka yi hulɗa da su suna ta tsufa. In ba mu zauna da su yanzu mun ɗauki labarinsu ba, jikokinmu sai dai su karanta na baƙo.