Tsirrai, Tsuntsaye da Namun Dajin Jihar Jigawa a Lokutan Shekara

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkarar Jihar Jigawa a ƙafa ya san cewa daji ba ya zama da kama ɗaya daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Kowane lokaci yana zuwa da nasa tsirrai, da nasa tsuntsaye, da kuma aikin da ya dace da shi a gona ko a lambu. Tun kaka da kakanni manoma da makiyaya da masunta ke lura da waɗannan sauye-sauye, suna tsara ayyukansu a kansu. Manufar wannan bayani ita ce a tattara muhimman abubuwan da ake gani a kowane lokaci, a nuna amfaninsu ga rayuwar jama'a, sannan a faɗakar game da waɗanda ke neman ɓacewa.

Yanayin Ƙasar

An ƙirƙiri Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991. Tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar, wato Dutse, Haɗeja, Kazaure, Gumel da Ringim. Kudancin jihar, kamar Gwaram da Birnin Kudu, ya fi samun ruwan sama da yawan itatuwa. Arewaci kuwa, kamar Maigatari da Babura da Birniwa, ƙasa ce ta jigawa mai rairayi, inda damina kan yi gajarta. A tsakiya Kogin Haɗeja ya ratsa ta Ringim da Auyo da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri. Wannan bambanci shi ya sa abin da ya nuna a Gwaram yau, wataƙila sai bayan mako biyu ko uku a gan shi a Maigatari.

Bazara: Maris zuwa Mayu

Bazara ita ce lokacin da zafi kan kai matuƙa, har ya haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos a watan Afrilu. Ciyawa ta ƙare, tafkuna sun janye, amma a wannan lokaci ne itatuwa da dama ke fara tofo tun kafin ɗigon ruwa ya sauka. Kuka takan fitar da sabon ganye, ɗorawa kuma 'ya'yanta su nuna. Daga ɗorawa ake samun gari mai zaƙi, da kalwa wadda mata ke sarrafawa ta zama daddawa. Yana da kyau a sani cewa jemagu na daga cikin masu ɗaukar ƙwayar haihuwa daga fure zuwa fure a kan kuka da ɗorawa cikin dare. Saboda haka korarsu ko kashe su yana rage yawan 'ya'yan da ake samu.

Babbar alamar wannan lokaci ita ce isowar shamuwa. Takan zo daga ƙasashen gabashi da kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan manyan itatuwan cikin gari, ta hayayyafa, sannan ta koma idan ruwa ya ɗauke. Da zarar an gan ta, manomi ya san lokacin sharar gona da kai taki ya ƙure. Abincinta kuwa fara ne da sauran ƙwari, don haka mataimakiyar manomi ce. Al'adar da ta hana yara taɓa sheƙarta al'ada ce da ta dace a riƙe.

Damina: Yuni zuwa Satumba

Bayan ruwan shuka, cikin 'yan kwanaki ƙasa kan yi kore shar. Gina takan fito da dare ta taru a gindin fitila, kwaɗi su cika kududdufai da kuka, bushiya da kunkuru su fito daga maɓoyarsu. Gaiwa, wadda ta shafe rani a binne cikin busasshen taɓo tana shaƙar iska, takan fito da zarar ruwa ya jiƙa wurin.

Wannan lokaci yana da wani nauyi na musamman ga magidanta. Daga Yuli zuwa Agusta rumbunan gidaje da yawa sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, farashin hatsi kuma ya hau. A nan ne ganyayen daji ke rufa asiri. Tafasa, rama, zogale, lalo, gasaya, zaki-banza da karkashi duk suna samuwa a bakin gona da bayan gari. Wasu a yi miya da su, wasu a dafa a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli. Ganyayen nan suna ɗauke da sinadaran da ke ƙara jini da gina jiki, musamman ga yara da mata masu juna biyu. Haka kuma kaɗanya takan zubar da 'ya'yanta a kudancin jihar, a sha, a kuma tara ƙwallon don yin man kaɗe. Ɗinya kuwa sai wajen ƙarshen damina take nuna.

Sai dai akwai abubuwan kiyayewa guda uku. Na farko, kada a tsinki ganye a gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa ko na ƙwari. Na biyu, a nuna wa yara tsirrai masu guba irin su zaƙami da zurma don su guje su. Na uku, damina da kaka su ne lokutan da aka fi samun saran maciji, musamman kububuwa da kasa da gamsheƙa. Idan tsautsayi ya auku, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada kuma a ɗaure shi tamau. A hana wanda aka sara tafiya da ƙafarsa, a garzaya da shi asibiti, domin allurar karya dafi ita ce magani.

Kaka: Oktoba zuwa Nuwamba

Idan ruwa ya ɗauke, ciyawa takan fara rawaya, ƙarangiya ta nuna ta riƙa kama tufafin masu tafiya. Wannan ne lokacin yankan gamba don saƙa zana, da tara harawa, da tsinkar ganyen kuka. Ganyen da aka shanya a inuwa ya fi riƙe launinsa da amfaninsa a kan wanda aka baza a rana. Zomo, kurege, fakara da zabin daji kan yawaita a gonakin da aka girbe.

A yankunan fadama kuwa, kaka lokaci ne na fargabar jan-baki. Waɗannan ƙananan tsuntsaye suna tafiya ne a garke mai ɗimbin yawa, kuma suna iya lalata gonar shinkafa ko gero ko dawa cikin ɗan lokaci. Maganinsu ya fi sauƙi idan an gano inda suke kwana ko suke sheƙa da wuri. Don haka duk wanda ya ga irin wannan matattara ya sanar da mai unguwa ko malamin gona ba tare da jinkiri ba.

A wannan lokaci ne kuma gawo ke nuna bambancinsa da sauran itatuwa. Yakan zubar da ganyensa da damina, ya sake fitar da sabo idan rani ya kama. Ke nan ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da rani dabbobi su sha inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gindinsa. Shi ya sa geron da ke ƙarƙashin gawo ya kan fi na sauran gona kyau.

Hunturu: Disamba zuwa Fabrairu

Da shigowar sanyi da hazo, 'ya'yan itatuwan rani kan cika kasuwannin ƙauye: magarya, kanya, aduwa, goruba, tsamiya da 'ya'yan kuka. A arewacin jihar ana ɗibar ƙaro daga jikin dakwara, majema kuma su tara bagaruwa don jima. Yaɗiya tana nan kore a lokacin da sauran ganyaye suka bushe.

Wannan ne lokacin da fadamun Haɗeja da Nguru ke karɓar baƙi daga nesa. Dubban agwagin ruwa da sauran tsuntsayen bakin ruwa sukan baro Turai da yammacin Asiya saboda tsananin sanyi, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a nan tun daga Oktoba, su zauna har zuwa Maris. Sukan haɗu da na gida irin su kirinjijiya, dinya, zalɓe da balbela. Saboda muhimmancin wurin, an sanya dajin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma cikin jerin dausayi masu daraja na duniya ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2008. A shekarar 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da sanya shi cikin sabbin gandayen daji na ƙasa guda 10. Ana tunatar da jama'a cewa murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya a shekarar 2006. Wanda ya tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa a wuri ɗaya kada ya taɓa su, kada ya kai gida, sai dai ya sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa.

Lambu da Noman Rani

Sanyin hunturu shi ne jarin mai lambu. Tumatir, albasa, tattasai, attaruhu, karas, latas da kabeji sun fi yin kyau a wannan lokaci, don haka ake fara renon iri tun Oktoba, a dasa bayan mako huɗu zuwa shida. Alkama kuwa an fi son shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, domin wadda ta makara zafin bazara kan riske ta kafin ta cika ido. A da jigo ake amfani da shi wajen ban-ruwa, yanzu kuwa injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse sun maye gurbinsa a mafi yawan wurare.

Ƙwaron tumatir da manoma ke kira sharon ya yi mummunar ɓarna a jihohin arewa, har da Jigawa, a shekarar 2016. Yakan shiga cikin ganye da 'ya'ya, ya fi kuma ƙarfi idan zafi ya shigo. Dasawa da wuri, cire shukar da ta kamu a binne ta, da sauya abin da ake shukawa a fili ɗaya, duk suna rage shi. Kafin a sayi maganin feshi a nemi shawarar malaman gona na hukumar JARDA, a kuma kiyaye kwanakin da aka ƙayyade tsakanin feshi da tsinka.

Ko wanda ba shi da fadama zai iya yin ɗan lambu a bayan gida. Zogale, alayyafo, kuɓewa da yakuwa suna yi da ruwan alwala da na wanke hatsi, matuƙar an kewaye wurin saboda awaki.

Matsalolin da Ake Fuskanta

Dattawa a ko'ina cikin jihar suna shaida cewa abubuwa da dama sun ragu. Gauraka, wanda a da ake jin kukansa a fadamu, ya yi wuyar gani. Ungulu, mai share mushe kafin ya yaɗa cuta, ta ɓace daga mahautu da yawa saboda guba da farautar masu sayar da sassan jikinta, kuma tun shekarar 2015 tana cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya. Saran itatuwa don itacen girki da gawayi ya cinye manyan gawo da kanya da tsamiya, ba a kuma bar ƙanana sun maye gurbinsu ba. Ƙona daji don kamun gafiya ko zomo yana halaka ciyawar dabbobi da ƙananan itatuwa, wani lokaci har da amfanin gonar da ba a kwashe ba.

A fadama kuwa, gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya yadda ruwa ke zuwa. Ruwan da ke kwance duk shekara ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan-baki. Toshewar tana ƙara tsananta ambaliya, irin wadda ta auka wa sassan jihar da dama a shekarar 2022.

Abin da Ake Bukata

Akwai darasi a wurin maƙwabtanmu na jihohin Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Tun daga shekarun 1980 manoma a can suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: idan ana sharar gona ba a tumɓuke kututturen da ya yi tofo, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Ta wannan hanya miliyoyin itatuwa suka dawo gonaki ba tare da sayen dashe ba. Ƙasarsu da ta arewacin Jigawa iri ɗaya ce, kuma jihar na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa a Nijeriya.

Saboda haka ana kira ga manoma da su bar tofon gawo, sabara, kalgo, aduwa da magarya a gonakinsu. Wanda zai yi dashe ya yi a watan Yuli, lokacin da ruwa ya zauna, ya kuma kewaye shi. Maharba su dakata da farauta da damina, lokacin da namun daji ke haihuwa. Masunta su guji guba da koma mai ƙananan idanu.

Hakimai, dagatai da masu unguwanni su sa ido a kan makiyayu da burtalai da dazuzzukan al'umma, su tsawatar a kan ƙona daji, su kuma haɗa kan jama'a wajen aikin gayya na yashe hanyoyin ruwa kafin damina. Sassan aikin gona na ƙananan hukumomi su riƙa ajiye rajistar ranar ruwan shuka, da ranar da aka fara ganin shamuwa ko jan-baki ko fara, da lokacin da kogi ya kawo. Irin wannan rubutu, idan ya taru shekara da shekaru, zai taimaka wajen ba manoma shawara a kan lokaci.

Kammalawa

Ganyen da ya ciyar da gida a watan Agusta, da inuwar da dabba ta sha a watan Afrilu, da kifin da aka kama a fadama, duk amana ce da muka gada daga magabata. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa ko malamin gona na yankinsa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma kare mana dazuzzukanmu, amin.