Gyaran tunani da ɗabi'a: Hanyar magance cin huce-takaici da rage ƙiba

Gyaran tunani da ɗabi'a hanya ce ta jinya da ake gudanarwa ta tattaunawa da horo, ba tare da allura ko ƙwayar magani ba. Likitoci sun fi saninta da taƙaitaccen sunanta na Turanci, wato CBT. Tushenta shi ne cewa abin da mutum ya raya a zuciyarsa game da wani lamari shi ke tsara yadda zai ji, shi ke kuma jan sa zuwa ga abin da zai aikata. An fara amfani da ita wajen jinyar ciwon damuwa, daga baya aka shigar da ita fagen cin abinci, musamman ga masu ƙiba da masu ci a duk lokacin da ransu ya ɓaci.

Ƙiba ta daɗe da wuce matsayin alamar hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ita, kuma manya kimanin miliyan 890 ne ke cikin wannan hali. Ana auna ta ne ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu. Wanda tsawonsa mita 1.70 ne, nauyinsa kuma kilo 90, sakamakonsa zai kama 31. Daga 25 ana cewa nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce, wadda ke buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa.

Asalin hanyar

Mutum biyu ake dangantawa da kafa wannan hanya. Na farko shi ne Albert Ellis, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, wanda a shekarun 1950 ya nuna cewa tsakanin abin da ya faru da abin da mutum ya ji akwai fassarar da ya yi wa lamarin. Na biyu shi ne Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania, wanda a shekarun 1960 ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da kansu, su kuma karɓe su a matsayin gaskiya ba tare da bincike ba. Beck ya koya musu kama waɗannan tunane-tunane da auna su da hujja. Ya rasu a 2021 yana da shekara 100.

A ɓangaren abinci, Richard Stuart ya wallafa rahoto a 1967 kan wasu mata 'yan kaɗan masu ƙiba da ya koya wa rubuta abin da suka ci, da ci a wuri guda, da rage saurin ci. Nauyin da suka rage cikin shekara ɗaya ya ja hankalin likitoci. A 1981 Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford a Ingila ya tsara hanyar domin masu larurar da ke sa a ci abinci da yawa sannan a tilasta wa kai amai. Judith Beck, 'yar Aaron Beck, ta fitar da littafi a 2007 wanda ya kai waɗannan dabaru ga masu neman rage nauyi a gida.

Mene ne cin huce-takaici?

Cin huce-takaici shi ne cin abinci domin kwantar da wani abu da ke damun zuciya, alhali ciki bai nema ba. Ɓacin rai da fargaba da kaɗaici da gajiya da zaman banza duk suna jawo shi. Dalilinsa a jiki sananne ne. Damuwa mai tsawo tana ɗaga sinadarin kotisol, wanda a jikin mutane da yawa yake ƙara sha'awar abu mai zaƙi da mai maiƙo. Irin wannan abinci yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa kuma tana riƙe duk abin da ya taɓa kawo mata sauƙi. Idan aka maimaita sau da yawa, sai ɓacin rai ya riƙa kiran abinci da kansa. Ƙarancin barci ma yana ƙara wutar, domin yana dagula sinadaran da ke tsara yunwa da ƙoshi.

Akwai alamun da ke bambanta yunwar ciki da yunwar zuciya. Ta ciki tana zuwa a hankali, sa'o'i bayan cin ƙarshe, kowane abinci yana kashe ta, kuma tana tafiya idan an ƙoshi. Ta zuciya tana faɗowa farat ɗaya, tana neman wani abu na musamman kamar tsire ko lemon kwalba mai sanyi, ba ta cika tsayawa a ƙoshi ba, kuma nadama ce ke biyo bayanta.

Idan lamarin ya yi tsanani yakan zama larura mai zaman kanta. A 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya cin wuce-kima cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Sharaɗinsa shi ne mutum ya riƙa cin abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, yana jin ba zai iya tsayawa ba, aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata uku.

Sarƙar da ake warwarewa

Masu wannan jinya suna kallon kowane ci a matsayin ƙarshen wata sarƙa. A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya fita da sassafe bai karya ba, ya wuni yana jiran kuɗin da wani ya yi alkawarin biya, mutumin bai zo ba. Da yamma ransa a ɓace, cikinsa wayam. A hanyar gida ya bi ta gaban mai tsire, sai zuciyarsa ta ce masa: “Yau na sha wahala, ai na cancanci in more.” Ya ci, ya kora da lemo biyu, ya isa gida ya tarar da tuwo. Nan sai wani tunanin ya zo: “Tunda na riga na ɓata, bari in ƙarasa, gobe sai in fara.” Washegari, saboda nadama, ya sake ƙin karyawa, sarƙar ta koma farko.

A wannan labari akwai mahaɗa da dama: tsallake karin kumallo, ɓacin rai, hanyar da aka bi, tunani na farko, tunani na biyu. Kowace mahaɗa wuri ne da za a iya yanke sarƙar, kuma yanke ta da wuri ya fi sauƙi a kan kokawa da kai a gaban mai tsire.

Tunani na biyu yana da shaida a bincike. A 1975 Peter Herman da Deborah Mack sun ba wasu ɗalibai mata madara mai zaƙi da aka kaɗa, sannan suka ba su askirim su ɗanɗana. Waɗanda ba sa takura wa kansu a abinci sun ci askirim kaɗan, tunda sun riga sun ƙoshi. Waɗanda ke kan tsarin rage ci kuwa sun ci fiye da takwarorinsu da ba a ba madarar ba. Ganin dokar da suka kafa wa kansu ta karye ya sa suka saki linzami gaba ɗaya.

Manyan dabaru

Dabara ta farko ita ce rubutu. Mutum yana rubuta abin da ya ci, da lokacin, da wurin, da halin da zuciyarsa ke ciki, a ƙaramin littafi ko a waya, nan take ba sai dare ba. Ɗan kasuwa ya san cewa cinikin da ba a rubuta ba shi ne ke ɓacewa. Bayan mako ɗaya ko biyu tsari yakan fito fili: wani zai ga cewa cinsa yana ƙaruwa ne a ranakun da ya samu saɓani da shugabansa a ofis, wata kuma ta ga cewa nata yana zuwa ne bayan yara sun yi barci.

Ta biyu ita ce ci a kan lokaci. Tsarin Fairburn ya tanadi manyan ci uku a rana da ƙananan ci biyu ko uku da aka shirya tun farko, ba tare da an bar tazarar da ta wuce sa'a huɗu ba. Mutane da yawa suna mamakin jin cewa matakin farko na rage ƙiba shi ne daina tsallake abinci. Hikimar ita ce yunwa mai tsanani tana karya kowace niyya.

Ta uku ita ce gyara muhalli. Cincin da ke cikin aljihun tebur a ofis zai ƙare ko da yunwa ko babu. Don haka ana cire kayan kwalama daga inda ido ke gani, a zuba abinci a faranti a mayar da tukunya, a zauna a ci a wuri guda ba a gaban talabijin ko waya ba, a canza hanyar komawa gida idan ta bi ta inda ake yawan faɗawa. Abin sha yana cikin lissafi: kwalbar lemo mai zaƙi ta rabin lita kan ɗauki sukari kusan giram 50, wanda shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babban mutum ya sha a yini guda.

Ta huɗu, wadda ita ce zuciyar hanyar, ita ce auna tunani. Ana rubuta tunanin da ya faɗo, a tambayi hujjarsa, sannan a shirya masa amsa ta gaskiya. Ga mai cewa ya riga ya ɓata, amsar ita ce tsinken tsire uku da ya ci ba daidai suke da uku haɗe da malmala biyu ba, kuma wanda ya yi asarar naira dubu a kasuwa ba ya watsar da sauran jarinsa. Ga mai cewa ya cancanci ya more, amsar ita ce lallai ya cancanci hutu, sai dai abincin ba zai biya bashin da ake bin wancan mutumin ba. Ana rubuta irin waɗannan amsoshi a kati a riƙa karantawa kafin lokacin buƙata.

Ta biyar ita ce jinkiri. Alan Marlatt na Jami'ar Washington, wanda ya yi aiki da masu shaye-shaye, ya kwatanta sha'awa da igiyar ruwa: tana tasowa, ta kai ƙololuwa, ta sauka da kanta idan ba a biya mata ba. Ana koya wa mutum ya dakata na wasu mintuna, ya ambaci sunan abin da yake ji, ya yi wani abu da zai ɗauke masa hankali kamar tattaki ko kiran aboki ko wanka. Marlatt ya kuma bambanta tuntuɓe da faɗuwa: kuskuren rana ɗaya darasi ne da za a duba a littafin rubutu, sannan a ci abinci na gaba a lokacinsa.

Ta shida ita ce shiri tun kafin a shiga jarrabawa. Biki da suna da walima wurare ne da ake dagewa sai baƙo ya ƙara, kuma ƙin ci na iya zama kamar raini. Mutum yana tsara abin da zai yi da abin da zai faɗa tun daga gida: zai ci faranti ɗaya, ya yaba wa girkin, ya nemi ruwa a maimakon lemo. Hawa ma'auni kuma sau ɗaya a mako ya isa, domin nauyi yana hawa da sauka kullum saboda ruwan jiki.

Abin da bincike ya nuna

Shaida mafi ƙarfi ta fito ne daga wani babban gwaji na rigakafin ciwon sukari da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2002. Mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon ne suka shiga. An koya wa kashi ɗaya daga cikinsu irin waɗannan dabaru a zama 16, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako. Cikin kusan shekara uku, kamuwa da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100 a tsakaninsu, yayin da a tsakanin waɗanda aka ba maganin metformin ya ragu da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin bai wuce kilo shida da 'yan kai ba.

Sai dai hanyar tana da iyaka. A 2010 Zafra Cooper da Fairburn da abokan aikinsu sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi kan mata 150 masu ƙiba. Yawancinsu sun rage nauyi a lokacin jinya, amma bayan shekara uku akasarinsu sun mayar da kusan duk abin da suka rage. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma, a jagorarta ta 2017, ta sanya wannan hanya a sahun gaba wajen magance cin wuce-kima, tare da umartar likitoci su gaya wa majinyaci cewa tasirinta a kan nauyi kaɗan ne. Dalili ɗaya shi ne jiki yana kare nauyinsa: bayan an rame, yunwa tana ƙaruwa, kuzarin da jiki ke ƙonawa kuma yana raguwa.

Abin da za a fahimta shi ne hanyar ta fi ƙarfi wajen raba ɓacin rai da abinci. Rage nauyi mai ɗorewa kuma yana hannun wanda ya ci gaba da rubutu da ci a kan lokaci da motsa jiki bayan zaman jinya ya ƙare. Hausawa na cewa hali zanen dutse, amma ɗabi'ar ci aba ce da aka koya, kuma ana iya koyon wata a madadinta muddin ba a daina bita ba.

Wa ya kamata ya ga likita?

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin bai kamata ya sauya tsarin cinsa ba sai da sanin likitansa, haka ma mai juna biyu. Wanda ke tilasta wa kansa amai ko shan maganin gudawa bayan ci, da wanda damuwarsa ta kai ga hana shi barci ko aiki, suna buƙatar ƙwararre kai-tsaye. Wata ƙibar kuma tana zuwa ne daga magunguna ko daga raunin aikin maƙoƙo, don haka gwajin asibiti ya kamata ya zo da farko.

A Najeriya ana samun masana halayyar ɗan Adam a sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna da Kware da Maiduguri. Zuwa wurinsu ba ya nufin taɓin hankali. Jinyar cin wuce-kima ta mutum ɗaya kan ɗauki zama 16 zuwa 20, kuma tun a zaman farko ake damƙa wa majinyaci aikin da zai tafi da shi gida, wato rubuta abin da ya ci har zuwa zama na gaba.