Fuska ta huɗu cikin littattafan wayar da kai, 1880–2012: tarihin misali guda

1. Gabatarwa

A cikin wannan takardar aiki muna son mu bi sawun wani nau'in littattafai da ya kunno kai a Turai a ƙarshen ƙarni na 19, wato littattafan da ke bayyana wa wanda bai yi zurfi cikin lissafi ba abin da Faransanci ke kira dimension. Mu a nan za mu kira shi "fuskar awo". Layi fuskar awo ɗaya gare shi, ita ce tsawo. Fili biyu gare shi, tsawo da faɗi. Ɗaki kuwa uku, da an ƙara tsayi. Tambayar da littattafan ke yi ita ce: ko akwai ta huɗu? Ra'ayinmu shi ne, tun farko har yau misali guda suke juyawa, kuma misalin yana nuna abin da hankali ke iya ɗauka ne kawai, ba ya tabbatar da abin da ke akwai. Duk lokacin da aka gauraya waɗannan abubuwa biyu, mai karatu ne ke kwana ciki.

2. Daga lissafi zuwa labari

Ran 10 ga watan Yuni 1854 Bernhard Riemann ya gabatar da lacca a jami'ar Göttingen ta Jamus, inda ya nuna cewa lissafi na iya aiki da sarari mai fuskoki ko nawa ne. Ba a buga laccar ba sai 1868, bayan mutuwarsa, kuma masana kaɗai ke iya karanta ta. Wanda ya fito da zancen kasuwa shi ne Charles Howard Hinton, ɗan Ingila, da wata ƙasida ta 1880. A 1888 ya raɗa wa siffar da ke bin akwati suna tesseract. Hujjarsa ƙidaya ce: layi baki 2 gare shi, murabba'i kusurwa 4, akwati 8, saboda haka na gaba 16.

A 1884 Edwin Abbott, shugaban wata makaranta a Landan, ya buga Flatland. Labarin wani murabba'i ne da ke zaune cikin shimfiɗaɗɗiyar duniya marar tsayi. Wata rana ƙwallo ya ratsa duniyar tasa. Abin da murabba'in ya gani ɗigo ne da ya zama da'ira, ta girma, ta ƙanƙance, ta ɓace. Wanda ya taɓa nutsar da lemu cikin ƙwaryar ruwa yana kallon inda saman ruwan ke yanka shi ya san wannan. Dabarar ke nan: a sauko da mai karatu mataki ɗaya ƙasa, ya ga makantar wanda ke ƙarƙashinsa, sannan a ce masa wataƙila shi ma haka yake. Faransa ba a bar ta baya ba: Henri Poincaré ya fitar da La Science et l'Hypothèse a 1902, Esprit Jouffret ya bi shi a 1903 da littafin koyon siffofi masu fuska huɗu. A 1909 mujallar Scientific American ta Amurka ta sa gasar dala 500 ga wanda ya fi iya bayyana fuska ta huɗu cikin sauƙi, aka aiko mata da ƙasidu 245.

3. Tuntuɓen farko

Tun kafin Flatland an riga an ga haɗarin wannan tunani. A 1877 da 1878 Friedrich Zöllner, farfesan ilimin taurari a Leipzig, ya yi zama da wani Ba'amurke, Henry Slade, mai da'awar magana da ruhohin matattu. Slade ya nuna masa ƙulle-ƙulle a jikin igiyar da aka liƙe bakunanta. Gaskiya ne a lissafi cewa cikin sarari mai fuska huɗu ana iya ƙulla igiya ko kwance ta ba tare da an saki bakinta ba. Daga nan Zöllner ya yanke cewa fuska ta huɗu tana nan, kuma ta cikinta ruhohi ke aiki. Alhali a 1876 wata kotu a Landan ta riga ta sami Slade da laifin damfara, ko da yake an soke hukuncin daga baya bisa wani kuskuren rubuta tuhuma. Lissafin Zöllner daidai ne. Tsallen da ya yi daga "yana yiwuwa" zuwa "yana nan" shi ya kayar da shi.

4. Lokaci ya karɓe kujerar

A 1895 H. G. Wells ya ɗauki lokaci a matsayin fuska ta huɗu cikin ƙagaggen labari. Bayan aikin Einstein na 1905, Hermann Minkowski ya bayyana a birnin Kolon, a watan Satumba 1908, cewa sarari da lokaci abu guda ne mai fuska huɗu. A nan bambancin da ke da muhimmanci ya fito: wannan karon an auna. Nazariyyar Einstein ta 1915 ta ce hasken tauraro zai lanƙwashe in ya gitta kusa da rana. Ran 29 ga watan Mayu 1919, lokacin husufin rana, Arthur Eddington ya ɗauki hotuna a tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gine, wata tawaga kuma a Sobral ta Barazil, aka sanar da sakamakon a watan Nuwamba. Saboda haka littafin da Eddington ya rubuta wa jama'a a 1920, da na Stephen Hawking na 1988, suna da abin dogaro a wannan fanni da Hinton bai samu ba.

5. Dawowar ɓoyayyun fuskoki

A 1921 Theodor Kaluza ya nuna cewa in an ƙara fuska ta biyar, ƙarfin jan nauyi da na lantarki da maganaɗisu suna fitowa daga lissafi guda. A 1926 Oskar Klein ya ce ba a ganinta ne domin a naɗe take, ƴar mitsitsiya. Zancen ya lafa, sai ya farfaɗo a 1984 tare da nazariyyar tsirkiya, wadda ke cewa ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta wasu ƴan zare ne masu kaɗawa kamar tsirkiyar gurmi. Lissafinta na bukatar fuskoki 10. A 1995 Edward Witten ya kai su 11.

Littattafai suka biyo baya: Hyperspace na Michio Kaku a 1994, The Elegant Universe na Brian Greene a 1999, Warped Passages na Lisa Randall a 2005. Dukkansu sun koma ga dabarar Abbott. Greene ya ƙara misalin tiyon ban ruwa: daga nesa layi ne, amma tururuwar da ke bisansa tana iya kewaya shi. A 2006 Lee Smolin da Peter Woit, kowa da littafinsa, suka soki nazariyyar da cewa ba ta kawo hasashen da za a gwada ba. Babbar na'urar karo ta CERN kusa da Jeneba, mai kewayen kilomita 27, ta gano ƙwayar Higgs a 2012, amma har yanzu ba ta nuna alamar wata ƙarin fuska ba.

6. Kammalawa

Mun ga kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana uku: fuska ta huɗu ta Hinton, wadda lissafi ce zalla, lokaci, wanda awo ya tabbatar, da naɗaɗɗun fuskokin tsirkiya, waɗanda ke jiran hujja. Misalin murabba'i da ƙwallo yana yi wa dukansu hidima daidai wa daida, shi ya sa ba ya iya rarrabe su. Darasin ya shafi duk malamin da ke shirin rubuta irin wannan bayani da Hausa: neman kalma ba shi ne babban aiki ba. Babban aikin shi ne, a gaban kowane misali a faɗa wa ɗalibi ko abin an auna shi ne, ko lissafa shi aka yi, ko kuwa zato ne.