Jean-Louis Schlesser: direban da ya ƙera motarsa ya kayar da kamfanoni

A watan Janairun 2000 tseren motoci na Dakar ya iso Yamai a kan hanyarsa ta zuwa Alkahira. An tsara motocin su nufo gabas zuwa Damagaram, daga can su hau Agadas su ratsa hamadar Tenere. Maraɗi tana tsakanin Yamai da Damagaram, amma ko ƙurarsu ba a gani ba a wannan yanki. Masu shirya tseren sun sami labarin cewa 'yan bindiga daga Aljeriya na dakon su a arewa, sai suka soke zangunan Nijar, suka loda motoci da babura a manyan jiragen Antonov zuwa Sabha ta Libiya. Sabuwar gwamnatin Tandja Mamadu, wadda ko wata ɗaya ba ta yi ba, ta ji zafin wannan mataki, domin baƙin Agadas abinci ne ga jama'a da yawa.

Wanda ya ci tseren na shekarar Bafaranshe ne mai suna Jean-Louis Schlesser, kuma a cikin motar da garejinsa ya ƙera.

An haife shi a Nancy a 1948, ya tashi a Maroko. Ɗan'uwan mahaifinsa, Jo Schlesser, ya rasu a tsere a Rouen a 1968, amma hakan bai hana shi bin sana'ar ba. Duniya ta fara riƙe sunansa ne a Monza ta Italiya ranar 11 ga Satumba 1988, ana gobe zai cika shekara 40. Kamfanin Williams ya ɗauko shi ya maye gurbin Nigel Mansell da ba shi da lafiya. Saura zagaye biyu a gama, Ayrton Senna na McLaren da ke kan gaba ya zo wuce shi, suka yi karo. Shi ne tsere ɗaya tak cikin 16 da McLaren ba ta ci ba a shekarar. Da wani ne, da daga nan ya ɓuya. Shi kuwa sai ya zama zakaran duniya a tseren motocin dogon zango da Sauber-Mercedes a 1989 da 1990.

Daga 1992 ya daina jiran kamfani ya ba shi mota. Ya kafa ƙungiyarsa, ya ɗauki makanikai, ya shiga ƙera motar rairayi da kansa. A lokacin manyan kamfanoni irin su Citroën da Mitsubishi ne ke cin Dakar da motoci masu jan ƙafa huɗu. Tasa ƙafafun baya kawai ke ja, jikinta bututun ƙarfe ne, ba nauyi, kuma direba na iya rage iskar taya ko ya ƙara yana zaune yana gudu. Duk direban da ya taɓa sauka ya sace iska kafin ya shiga rairayin ƙauyukan Tibiri ko Jiratawa na yankin Maraɗi ya san amfanin wannan: taya mai laushi tana shimfiɗuwa a kan yashi, ba ta nutsewa.

Shekara bakwai yana gyara yana sakewa kafin ya ci Dakar a 1999, karo na farko da mota mai jan ƙafa biyu ta yi hakan, ya maimaita a 2000 da injin Renault. A 2001 an ci shi tarar lokaci gab da ƙarshe, nasara ta koma hannun Jutta Kleinschmidt, Bajamushiyar da ta taɓa tuƙi a ƙungiyarsa, mace ta farko da ta ci tseren.

Abin da ya fi burge ni shi ne zamansa a Afirka. Bayan an soke Dakar a 2008 aka kai shi Kudancin Amurka, daga baya Saudiyya, Schlesser yana cikin waɗanda suka kafa Africa Eco Race, mai bi ta Maroko da Muritaniya zuwa Senegal, ya kuma ci shi sau shida a jere. Matasanmu masu son gudu a kan babur su lura: a gareji, tsakanin sufana da baƙin mai, mutumin nan ya gina sunansa.