Daga Eriyar Gora Zuwa Lasisi: Tarihin Rediyon 'Yan Sha'awa

Duk wanda ya zauna Durumi a shekarun da aka dawo da hedkwatar ƙasa daga Legas zuwa Abuja, watau 1991, ya san yadda muka riƙi akwatin rediyo tamkar ɗan'uwa. Mun baro Kano da Katsina da Sakkwato, muka sauka wurin masu masaukinmu Gbagyi, ba wayar tarho, wasiƙa kuwa sai an sami mai tafiya gida. Da almuru sai a ɗaura waya a kan gora a kafa bisa rufin kwano, a yi ta murɗa gajeren zango ana neman sashen Hausa na BBC, wanda ya soma a 1957, ko Muryar Jamus ta 1963, ko Rediyon Kaduna.

To, amma mu saurare kawai muke yi. Ashe akwai waɗansu mutane a duniya da ke harhaɗa na'urarsu a ɗaki, su yi magana a ji su a wata nahiya, a kuma amsa masu. Ba neman kuɗi suke ba, sha'awa ce da neman sani.

Asalin abin, a 1901 Markoni, mutumin Italiya, ya tura alama ta wayar iska daga Ingila ta ƙetare tekun Atlantika. Da hukumomi suka ga 'yan sha'awa sun yi yawa, sai suka tura su gajeren zango, don a ganinsu ba shi da amfani. Abin da aka raina shi ya ba da mamaki, domin a Nuwamban 1923 wani Bafaranshe ya yi musayar saƙo da 'yan'uwansa na Amurka. Dalili kuwa, akwai wani rufin iska can sama wanda ke maido da gajeren zango ƙasa, ya faɗa nesa. Shi ya sa tashoshin waje ke zuwa mana har Durumi. A 1925 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Paris, kuma duk ranar 18 ga Afrilu suna bikin tunawa.

Kowane mai lasisi yana da lambar kira. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Ghana 9G. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ma yana cikinsu, lambarsa JY1. Eriyar kuwa ba wani abin tsoro ba ce: don zangon mita 20, waya mai tsawon kamar mita 10 ta isa, a raba ta biyu daidai, a ɗaga sama.

Sai dai fa a kula. Saurare kyauta ne, amma aika magana sai da lasisin gwamnati, bayan mutum ya nuna ya san aikin da ƙa'idojinsa. Ba a talla, ba a sa kiɗa, ba a magana a ɓoye. A da dole ne a iya buga saƙon ɗigo da layi irin na tangaraho, amma a 2003 taron duniya ya bar wa kowace ƙasa zaɓi. A wannan zamani na rashin tsaro, yaron da aka kama da oba-oba ba takarda, Allah kaɗai ya san irin tambayar da zai sha.

Wani zai ce ai tun 2001 salula ta zo, me za a yi da wannan? Mu tuna Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara, muka yi makonni ba mu ji ɗuriyar dangi ba. Ranar muka gane cewa abin da ke aljihunmu ba a hannunmu yake ba.

Saboda haka muna kira ga matasanmu, musamman masu gyaran rediyo da waya, su nemi wannan ilimi ta hanyar doka. Akwai ƙungiyar 'yan sha'awa ta ƙasa, watau NARS, da za a iya tuntuɓa. Iyaye mun iya kafa gora, saura 'ya'ya su iya magana. Allah ya sa mu dace, amin.